Rubutun Jikin Kwali da Layukan Kan Imel

Kwalin da ya sha yawo tsakanin tashoshi yana ɗauke da tarihinsa a jikinsa. A Tashar Dukku da ke cikin garin Gombe, ko a harabar Gombe Line, in ka tsaya kusa da inda ake jibge saƙonni za ka ga kwalaye da buhuna da ƙunshin leda, kowanne da rubutun maka a jiki. Abu uku ake rubutawa kusan kullum: sunan wanda za a kai wa, lambar wayarsa, da garin da za a sauke. Mai tsanaki yakan ƙara sunansa da tasa lambar. Ɗan kamasho kuwa ba ya karɓar kaya sai ya ga lamba. "Hajiya, ina lambar mai karɓa? In direba ya shiga Kano da dare, wa zai kira?"

A ce wata dattijuwa a Jekadafari ta haɗa wa ɗanta da ke Kano kwalin ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu. Mota ta bi ta Dukku da Darazo, ta sauke a Unguwa Uku, ashe yaron ya wuce Katsina. Abokinsa ya zo ya karɓa. Bai yanke igiya ba, bai sake kwali ba, ya ari maka ya rubuta sabon suna da sabuwar lamba da Katsina a saman tsohon rubutun, ya saka a wata motar. Yanzu jikin kwalin akwai sunaye biyu, lambobi biyu, garuruwa biyu, amma direban Katsina ba ya rikicewa. Yana ganin hannun da ya yi wannan rubutu ba shi ne ya yi wancan ba. Launin tawada daban, kuma sunan da lambar da garin da suke maƙwabtaka su ne 'yan ɗaki ɗaya.

Sai a kawo sabon magatakarda mai son tsari, a ba shi littafi mai gidaje: gidan sunaye, gidan lambobi, gidan garuruwa. Ya kwafe duk sunayen da ke jikin kwalin wuri guda, lambobin wuri guda, ya rufe littafi. Bai zubar da harafi ko ɗaya ba. Amma in wani daga cikin masu rubutun ya manta bai sa lamba ba, littafin zai nuna sunaye biyu da lamba ɗaya, kuma babu mai iya faɗar lambar ta wace ce. Abin da ya salwanta shi ne maƙwabtakar rubutun, ita kuwa ba ta da gida a littafin.

Wannan aikin magatakardan shi ne abin da manhajoji da yawa ke yi wa saƙon imel.

Duk imel kashi biyu ne. Akwai cikin saƙo, wato abin da mutum ya rubuta, akwai kuma kan saƙo, jerin layuka ne da ke gabansa, layi ɗaya da ba a rubuta komai ba ya raba su. Kowane layi na kan saƙo yana farawa da suna, sai ɗigo biyu, sai bayani. Waya tana nuna mana huɗu ko biyar kawai: From, mai aikowa, To, mai karɓa, Date, kwanan wata, Subject, batun saƙo. Wanda ya buɗe Gmail a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun nan da ke gefen saƙo ya zaɓi Show original, zai ga ashe layukan sun cika shafi. Tsarin ya tsufa. David Crocker ne ya tsara takardar ƙa'ida mai lamba RFC 822 a watan Agustan 1982, shekara 14 kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe. An sabunta ta a 2001 da RFC 2822, aka sake a 2008 da RFC 5322, duka biyun a hannun Pete Resnick, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Da gani, layi mai suna da bayani yana kama da abin zubawa a ƙamus: ka nemi suna, a ba ka bayaninsa. Ga From da Date da Subject haka ɗin ne, domin ƙa'ida ta ce sau ɗaya kowannensu zai fito. Matsalar tana wajen layukan da ke maimaituwa, kuma suke tafiya rukuni-rukuni.

Mafi sauƙin fahimta su ne layukan sawu. Duk sabar da saƙo ya ratsa ta cikinta, wato kwamfutar da ke karɓar imel ta miƙa shi gaba, tana ɗora layi mai suna Received a can saman komai, tana faɗar daga wa ta karɓa, ita wace ce, da ƙarfe nawa. Sabar ƙarshe ta ƙara Return-Path, adireshin da za a mayar da saƙo in bai samu shiga ba. Saboda kowa a sama yake ɗorawa, daga ƙasa ake karanta tafiyar: layin ƙasa shi ne tashar farko, na sama shi ne inda aka sauke. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere zai iya cewa, to mene ne abin damuwa, in layukan sun cakuɗe sai a jera su da lokacin da ke jikinsu. Ba ya yiwuwa yadda ake so. Sabar da ke Najeriya tana rubuta +0100, ta Kalifoniya tana rubuta -0700 ko -0800 gwargwadon lokacin shekara; wannan lissafi ne, ana iya daidaita shi. Amma agogon wata sabar yana gudu, na wata yana latti, kuma saƙo kan ratsa sabobi uku a cikin daƙiƙa guda. Jerin da aka ɗora su da shi shi ne shaidar da ta fi agogo. Har ƙirga su ake yi: in layukan Received suka yi yawa ainun, alama ce saƙon ya faɗa zagaye tsakanin sabobi biyu, kowace tana tura wa 'yar'uwarta, kuma RFC 5321 ta John Klensin ta ba da shawarar kada a yanke wannan hukunci ƙasa da layi 100.

Inda kwalinmu ya fi dacewa shi ne layukan da ke farawa da Resent. Akwai hanya biyu ta miƙa wa wani saƙon da ya zo maka. Wadda kowa ya sani ita ce Forward: ka buɗe kwali, ka juye kayan a sabo, ka rubuta sunanka a matsayin mai aikowa. Ta biyun ita ce ta abokin nan na Unguwa Uku. Saƙo ya wuce yadda yake, da sunan mai shi na asali da kwanan watansa, kai kuma ka ɗora rukuninka a sama: Resent-From, Resent-To, Resent-Date, Resent-Message-ID, wani lokaci da Resent-Cc. Manhajar Mutt tana kiran wannan bounce, Apple Mail tana kiransa Redirect. Yana da amfani a ofis. Takardar neman aiki ta faɗo akwatin sakatare, ya tura ta ga shugaban sashe ba tare da ya shiga tsakani ba. In shugaban ya danna amsa, kai tsaye za ta tafi ga mai neman aikin, domin ƙa'ida ta hana a yi amfani da layukan Resent wajen mayar da amsa. Su shaida ne kawai na hannun da saƙo ya bi.

Muddin sau ɗaya aka yi, lafiya lau. In shugaban sashe ya sake turawa ga wani, an samu rukuni biyu. Takardar 1982 ta ce kowane rukuni na zaman kansa ne, sannan ta fito fili ta ce ba ta fayyace yadda za a fassara layukan Resent iri ɗaya in sun maimaitu ba. Shekara 19 aka yi a haka, kowace manhaja da inda take cusa nata, wata a sama, wata a ƙasa. Takardar 2001 ce ta kafa doka: kowane sabon rukuni a ɗora shi a dunƙule a sama, kuma an haramta sake jerin layukan sawu da na Resent. Doka ce mai kyau, sai dai ta bar ƙofa biyu a buɗe. Layi biyu kacal ta wajabta a cikin rukuni, Resent-From da Resent-Date, sauran ganin dama ne. Kuma ba ta ce ga wanda zai zo farko a cikin rukunin ba. Don haka in rukuni biyu suka haɗa kafaɗa, babu layin Received a tsakaninsu, ga kuma Resent-Cc guda ɗaya a kan iyaka, zai iya zama wutsiyar na sama, zai iya zama kan na ƙasa. Direban Katsina yana da launin tawada da zanen hannu. A imel duk hannaye iri ɗaya suke rubutu.

A nan ne halin kowace manhaja ke fitowa. A harshen Go, ɗakin karatun net/mail yana zuba kan saƙo a taswira: kowane suna da jerin bayanansa. Duk Received suna wuri guda a jere, duk Resent-To suna wuri guda, amma wane Resent-To ne ya zauna kusa da wane Resent-Date, wannan ya tafi. Littafin magatakarda ke nan sak. Ga wanda yake son ya ciro batun saƙo da sunan mai aikowa, ya wadatar, kuma yawancin aiki bai wuce haka ba. Python ya bi wata hanya: a waje yana kama da ƙamus, a ciki jeri ne, yana riƙe kowane layi a mazauninsa. Wannan ma yana da tarkonsa. In ka tambaye shi Received kai tsaye, guda ɗaya zai miƙo maka, sai ka kira get_all za ka ga sauran. In kuma ka ba layin To sabon bayani da nufin canza tsohon, a tsohon tsarinsa ba ya gogewa, ƙara na biyu yake yi. Sai ka fara share na farkon da hannunka.

Abin da ya fi burge ni a Python shi ne wani ɗan hukunci da ke cikin send_message, aikin da aka ƙara a fitowa ta 3.2 a 2011. Aikinsa ya duba kan saƙo ya gano wa za a kai wa. In babu Resent, ya ɗauki To da Cc da Bcc, wato masu karɓa na fili da na ɓoye. In ya ga Resent-Date guda ɗaya, ya bar na asali ya ɗauki na Resent. In ya ga biyu ko fiye, sai ya tsaya cak, ya jefo kuskuren ValueError, ya ƙi aikawa, bisa hujjar cewa babu tabbatacciyar hanyar sanin rukunin da ya fi sabunta. Wasu na ganin wannan kasala ce, tunda ƙa'ida ta ce na sama ne sabo. Ni ina ganin daidai ne. Ɗan kamashon da ya ga garuruwa biyu a jikin kwali, rubutun ya cakuɗe, ya ajiye shi gefe ya ce a kira mai kaya, ya fi wanda ya yi canke ya jefa a motar Yola. Kwali in ya ɓata hanya ana iya dawo da shi gobe. Takardar asibiti ko ta albashi in ta shiga akwatin da ba nata ba, an riga an karanta. Kuma Python bai ɗaure hannun kowa ba: mai rubuta manhaja yana iya barin send_message ya bi wata hanyar aikawa, ya faɗi adireshin da bakinsa, saƙo ya tafi.

Maƙwabtakar layuka tana da wani aikin da ya fi wannan nauyi, wato sanin wa za a gaskata. Mai aiko da kwali zai iya rubuta "an duba a Kano" da hannunsa tun yana Gombe. Haka ɗan damfara ke ƙirƙirar layukan Received na bogi, har da Authentication-Results, layin da sabar mai karɓa ke rubuta sakamakon bincikenta a kai, ya sa a ciki cewa komai ya ci jarrabawa. Abu guda ne ba zai iya ba: ba zai iya sa nasa su hau saman wanda sabarka ta rubuta ba, domin ita ce ta ƙarshe da ta ɗora. Saboda haka mai bincike daga sama yake farawa, ya sauko layi-layi har inda sabobin da ya yarda da su suka ƙare. Abin da ke ƙasa da nan labari ne kawai na mai aikowa. Manhajar da ta tattara duk Authentication-Results wuri guda ta ɗauki wanda ta ga dama ta share wannan iyakar da hannunta.

Sa hannun DKIM, wanda RFC 6376 ta 2011 ta tsara, shi ma a kan jeri ya dogara. Sabar mai aikowa tana lissafa sunayen layukan da ta sa wa hannu, kuma in suna ya maimaitu, daga ƙasa ake ɗauka. To ga dabarar 'yan damfara: su samu saƙo na gaskiya mai sa hannu, su ɗora From na biyu a sama. Mai duba sa hannu ya kalli na ƙasa ya ce lafiya, manhajar da ke nuna wa mutum saƙo ta ɗauki na sama ta nuna. Kowannensu ya yi aikinsa, mai karatu kuma ya ga sunan banki ko na wata hukuma tare da alamar an tantance. Jianjun Chen da Vern Paxson da Jian Jiang sun gabatar da bincike a taron tsaro na USENIX a 2020 da ya nuna hanyoyi iri-iri na wannan ruɗu a manyan kamfanonin imel, kuma tushensu ɗaya ne: ɓangarori biyu na tsari guda suna karanta kan saƙo ɗaya ta hanya biyu. Maganin da masu lura ke yi yana da ban sha'awa. Sukan lissafa From sau biyu a cikin abin da suka sa wa hannu alhali sau ɗaya ya fito, wato sun sa hannu har a kan cewa babu na biyu. Duk wanda ya ƙara, sa hannun ya karye.

Akwai wasu rukunan da ba su damu da mazauni ba, amma a tare suke rayuwa. Content-Type da Content-Transfer-Encoding, 'ya'yan tsarin MIME da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar a 1992, su ke faɗar irin abin da ke cikin saƙo da yadda aka naɗe shi. Manhajar da ta sake naɗe cikin saƙo ta gyara ɗaya ta bar ɗaya, ita ce ke sa ƙ da ɗ da ɓ su iso a matsayin tarkacen alamomi. Message-ID da In-Reply-To da References kuwa su ke ɗinke amsa da abin da aka amsa. In aka yar da ɗaya, zance na iya tsinkewa.

Gyaran da ya tunkari matsalar rukuni daga tushe ya zo ne ta wata hanya. A watan Afrilun 2014 Yahoo ta shelanta, ta tsarin DMARC, cewa duk saƙon da ke ɗauke da sunanta amma bai ci jarrabawar tantancewa ba a ƙi karɓarsa, AOL ta bi baya. An rage damfara, amma saƙonnin gaskiya da suka bi ta hannun masu tsaka-tsaki, waɗanda kan ɗan taɓa batu ko su ƙara rubutu a ƙasa, suka riƙa dawowa. Ana bukatar hanyar da mai tsaka-tsaki zai ce: lokacin da ya iso hannuna lafiyarsa ƙalau, ga shaidata. Daga nan aka samu ARC, wanda RFC 8617 ta bayyana a watan Yulin 2019. Kowane hannu yana ɗora layi uku: ARC-Authentication-Results, abin da ya gani, ARC-Message-Signature, sa hannunsa a kan saƙon yadda ya sake shi, da ARC-Seal, hatimin da ya rufe nasa rukunin da duk na gabansa. Sabon abin shi ne kowane layi cikin ukun yana ɗauke da lamba. Hannu na farko i=1, na biyu i=2, har zuwa 50. Ko da wani magatakarda ya watsa su gida-gida, lambar za ta sake haɗa 'yan ɗaki ɗaya, kuma in an ga i=1 da i=3 babu i=2, an san sarƙar ta tsinke. Kamar a ce ƙungiyar direbobi ta kafa doka cewa duk mai rubutu a jikin kwali ya sa lambar zuwansa a gaban suna, a gaban waya, a gaban gari. Da an yi wa Resent haka a 1982, da Python bai bukaci tsayawa ba. Amma ba a iya komawa a yi wa tsofaffin saƙonnin da ke ajiye a duniya lamba, don haka mai rubuta manhaja dole ya zauna da tsarin biyu.

Ga wanda zai rubuta irin wannan manhaja, ko don aikin kammala digiri ne ko don wani ofis a Tudun Wada, abin da nake ganin ya fi shi ne ya ajiye kan saƙo yadda ya zo, layi bayan layi, har da yadda aka karya dogayen layuka. Ƙa'ida ta ce layi kada ya wuce harafi 998, an fi so ya tsaya a 78, don haka dogon bayani akan karya shi, ci gaban ya fara da fili. Manhajar da ba ta san haka ba takan ɗauki rabin layin Received a matsayin wani abu daban. A kan wannan jeri na asali sai ya gina ƙamus don saurin nema, ya gina rukunai don masu bukata, amma in zai tura saƙon gaba, daga jerin zai fitar, nasa ƙarin kuma a sama. In ya cire abu, ya cire da saninsa, kamar yadda send_message ke share Bcc da Resent-Bcc kafin saƙo ya fita don kada a fallasa wanda aka ɓoye. In iyakar rukuni ba ta fito ba, ya mayar da tambaya ga wanda ya nemi aikin.

Lambar ARC ma tana da iyakarta. Tana faɗar wa ya rubuta me, a wane zuwa, kuma hatimin yana tabbatar da ba a taɓa ba. Ba ta faɗar ko mai hatimin mai gaskiya ne. Ɗan damfara yana iya buɗe sabarsa ya buga i=1 mai kyau, ya shaidi kansa. Shi ya sa mai karɓa ke da nasa jerin waɗanda yake karɓar shaidarsu. Gmail na dubawa da ma'auninsa, Microsoft 365 kuma yana bai wa mai kula da imel na ma'aikata damar rubuta sunayen masu hatimin da ya amince da su. Ƙaramar makaranta a Gombe da ta kafa sabarta za ta iya buga layukan nan uku daidai da ƙa'ida tun ranar farko, amma kafin manyan masu karɓa su riƙa ɗaukar hatiminta da nauyi, sai ta daɗe tana aika saƙonnin da ba a kai ƙararsu ba.